Ƙafar Alade a Tukunyar Lariba

Lariba na zaune a bakin ƙofar ɗakinsu da faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga cikin wake tana rera waƙar coci a hankali, sai muryar surukarta ta faɗo mata a ka.

"Waƙa dai, waƙa dai. Shekara nawa da aure, ko ɓari ba a taɓa yi ba, sai tukunya da waƙa. Ko tukunyar ce za ta kira ni kaka?"

"Allah zai kawo, Mma," in ji Lariba tana murmushi. "Na kai miki ruwan zafi bayi."

"Wa ya aike ki?"

Mma Zelia ta zo Akra daga Bawku ne da sunan ganin likita, ita da autarta Nafi, ga shi damina ta zagayo ba su koma ba. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓar ta ƙi bushewa. Ɗaki da falo ne kawai Lariba da mijinta Yusif ke haya a Maamobi, a gidan Alhaji Jibirilu, to falon ya zama na Mma da Nafi, har da rediyo da fanka.

Su kaɗai ne Kirista a gidan, kuma ba wanda ya taɓa nuna musu bambanci. Yusif tela ne, gwanin kaftani, masu ɗinkinsa duk Musulmi ne. Ita kuwa Lariba waakye take sayarwa a bakin titi, wato wake da shinkafa da ake dafawa da karan dafi har su yi ja, a zuba shito, baƙar miyar barkono, da taliya da gari da ganda a kan ganye. A hannun Hajiya Salamu ta Nima ta koyi sana'ar tun tana budurwa, kuma abin da Hajiya ta fara koya mata kafin gishiri shi ne amana. Namanta daga wurin Tijani mahauci yake zuwa, can Sabon Zongo. Ko kazar Kirsimeti ce sai ta kai wa malam ya yanka, don maƙwabta su ci ba fargaba. Shi ya sa kowace safiya layi ke miƙewa a gaban teburinta, har liman yakan aiko da kwanonsa.

A wannan layin Yusif ya fara ganinta. Sai ya sayi abinci ya tafi, ya sāke dawowa wai an manta ba a sa masa shito ba, har ta gane ba shito yake nema ba. Yana sonta, wannan ba ƙarya. Aibinsa ɗaya ne: in uwarsa ta ɗaga murya sai ya koma kamar kazar da ruwa ya doka.

Teburin nan shi ya tsone wa Mma ido. Ba ta iya haɗiye cewa tuwon da take ci daga gumin surukarta yake fitowa ba.

"Yusif, ka ce ta sakar wa ƙanwarka teburin," ta ce masa a wannan yammacin, a gaban Lariba. "Abin da ke gidanka naka ne. Nafi jininka ce, wannan kuwa gobe tana iya tafiya."

Yusif ya sosa ƙeya yana kallon ƙasa.

"Mma, ta zo mu yi tare," in ji Lariba. "In koya mata, mu raba riba. Sai dai aikin na son sammako."

Nafi ta ɗago kai daga wayarta ta ja tsaki. "Ni in zama 'yar aikinki? Anti, filis, kar ki ma fara."

Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, wata Asabar da safe, Lariba ta fito da tukwane sai ta tarar da Nafi a tsaye ta ɗaura ɗankwali.

"Anti, kawo tukunyar miyar in kai miki. Ke ki gama kwashe shinkafar."

Yarinyar da ko cokali ba ta taɓa ɗauka ba. Daɗi ya kama Lariba har ta ce a ranta, "Na gode, Yesu, ka fara taɓa zuciyarta." Ta ɗora mata tukunyar a ka da hannunta.

Layi ya cika kamar kullum. Ta sallami mutane da dama, ciki har da wata tsohuwa da ta zaunar da jikokinta a kan benci suna ci. Wani direba ya miƙo kuɗi ya ce, "Anti Lariba, sa mini nama daga ƙasa, wanda ya sha miya." Ta nutsa ludayi har ƙasan tukunya ta ɗago. Abin da ya hau ludayin ba naman Tijani ba ne. Ƙafa ce guntuwa mai kofato a tsage, fatarta ja-ja irin ta mai gishiri da ake sayarwa a bokiti a kasuwa. Ba wanda ya tambayi sunanta, kowa ya gane ƙafar alade.

Nan take wurin ya fashe da hayaniya. Direban ya watsar da ganyen hannunsa. Wani ya duƙa a bakin kwata yana sa yatsa a maƙogwaro. Samarin da ke shan shayi a majalisar tsallaken titi suka taso a guje, ɗaya ya sa ƙafa ya kifar da teburin, shinkafa da miya suka malale a kan kwalta.

"Shekara nawa yana ba mu wannan? Kafira, mun yarda da kai, ashe haka kake!" in ji wani, da Hausar Zongo da ke kiran mace kamar namiji.

Wata mata ta tofa mata yawu a fuska. Amma abin da ya fi yanka zuciyar Lariba shi ne tsohuwar nan, da ta durƙusa tana goge bakin jikokinta da gefen mayafi tana kuka tana istigfari.

Alhaji Jibirilu ya ratso taron da sandarsa. "Ku dakata. Lariba, na san ki. Ban da ke, wa ya taɓa tukunyar nan yau?"

Ta ɗaga ido. Nafi na tsaye can bayan mai sayar da kati, fuskarta ta yi fari fat. Lariba ta dubi samarin, wani ya riga ya ɓalle ƙafar benci ya riƙe. Ta san in sunan ya fita daga bakinta, sai dai a kwashi yarinyar a kai asibiti, in ma an yi sa'a.

"Alhaji, ni na dafa, tukunyata ce," ta ce. "Ban sa ba, Allah ya sani. Amma ba zan kira sunan kowa ba."

"To kin ɗaure kanki," in ji Alhaji, ya juya.

Mma ta zaci wutar za ta tsaya a kan tebur. Ba ta san Zongo ba. A ƙauyensu in an ɓata sunan mace, macen kaɗai ke ɗauka, nan kuwa ƙafar alade ba tukunya ɗaya take ɓatawa ba, gida take ɓatawa. Kafin azahar mutane suka fara zuwa shagon Yusif suna karɓe yadinsu na Sallah, wanda aka yanka da wanda ba a yanka ba. Wani ya ce ba zai sa rigar da aka ɗinka da hannun da ya ci daga tukunyar nan ya je idi ba. Kafin la'asar shagon ya zama wayam, sai keke da almakashi.

Ya shigo gida idonsa jajir. Lariba ta jawo shi ɗaki ta rufe ƙofa.

"Maigida, a waje na yi shiru, amma kai ba zan ɓoye maka ba. Nafi ce ta kai tukunyar miyar."

Ashe Mma na maƙale a jikin ƙofa. Ta banko ta ta zube a ƙasa, ta kama ƙirjinta da hannu biyu.

"Ka ji ko? Ta kashe maka sana'a, yanzu tana so a kashe mini 'ya. Yusif, nonon nan ka sha. Yau sai ka zaɓa, ko ni ko ita. In ta ƙara wuni a gidan nan, ban yafe maka ba duniya da lahira."

Lariba ta dubi mijinta. Ya dubi bango, ya dubi silin, ya dubi ko'ina ban da fuskarta.

"Lari, haɗa kayanki," ya ce.

"Maigida, a gaban bagade ka ce da daɗi da wuya."

"Na ce ki haɗa kayanki."

Nafi ce ta taya ta, ta hanyar watso zannuwanta tsakar gida. Tukwane kuwa Mma ta zauna a kansu ta ce kayan gida ne. Lariba ta ɗaure abin da ya samu a zane, ta durƙusa ta ce, "Mma, na tafi, a yafe mini in na taɓa ɓata miki." Mma ta kau da kai. Yara suka raka ta har bakin babbar kwata suna tafi suna waƙar "Lariba mai alade."

Hajiya Salamu ce ta buɗe mata ƙofa a Nima. Ba ta tambaye ta komai ba sai da ta ci abinci.

"Ni na koya miki, na san hannunki," in ji Hajiya. "'Yata, faɗi sunan, gobe in kai ki gaban Sarkin Zongo a wanke ki."

"Hajiya, in an wanke ni da jinin ƙanwar mijina, wane aure zan koma?"

"Auren da aka kore ki daga ciki?"

"Shi ya kore ni, Hajiya. Ni ban fita ba."

Ta sami aikin wanke-wanke a wani gidan abinci a Kokomlemle, inda ba a san fuskarta ba. Matar da limamai ke aiko wa da kwano ta koma kankare ƙanzon tukunyar wasu, hannuwanta suka tsattsage da sabulu. Duk da haka in ta iso sai ta gaida kowa da fara'a, har masu aikin suka sa mata suna Anti Ba-komai, don duk abin da aka yi mata amsarta ke nan.

Kada wani ya zaci zuciyarta dutse ce. Ranar Lahadin farko ta je cocinsu na masu jin Hausa ta zauna a baya. Lokacin shaida ya yi, sai ga Mma ta miƙe da farin zane ta karɓi makirufo.

"Ku taya ni yabon Ubangiji. Ya tona asirin maƙiyin da ke cikin gidana, ya fitar da shi da rana tsaka."

Wasu suka ce amin. Bayan an tashi, shugabar zumuntar mata ta kira ta gefe ta ce ta ajiye ɗankwalin ƙungiya tukuna, sai ƙura ta lafa, don ta jawo wa Kiristan unguwa abin kunya. Lariba ta kwance shi ta ninke ta miƙa. Yusif na tsaye a bakin ƙofa, ya gan ta da kai a buɗe, ya bi ta ɗaya ƙofar.

Ranar kam ba ta ce "ba komai" ba. Ta shige bayan ɗakin Hajiya inda ake shanya, ta kifa kai a bango ta yi kuka mai cin rai.

"Ubangiji, me na yi maka? Na riƙe amanar mutane, na rufa asirin wadda ta cuce ni, sakamakon ke nan? Ina kake lokacin da ludayin ke tasowa?"

Ba murya daga sama, ba komai, sai kukan akuyar maƙwabta. Ta daɗe a nan. Abin da ya faɗo mata a rai daga baya shi ne, Yesun da take bi ɗin ma an tofa masa yawu, na jikinsa sun gudu sun bar shi, kuma bai daina yi musu addu'a ba. Ta share fuska ta ce, "To, ba na ganin hanya, amma ba zan sake ka ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka bar ɗacin nan ya zauna a cikina." Ta sa sunan Yusif a addu'ar, ta sa na Mma. Na Nafi kuwa sai da ta yi da gaske ya fita. Lahadi mai zuwa ta koma, ta zauna a bencin baya, ta yi waƙa da ƙarfinta kamar dā.

A can Maamobi kuwa, bayan Sallah Nafi ta kafa tebur a wurin da Lariba ke sayarwa a dā, ta yi sabon fenti, ta rubuta sunanta. Ta dafa ta zauna tana korar ƙuda har rana ta take, ba wanda ya tsaya. Tukwanen su ne dai na ranar nan, gidan shi ne dai gidan, wa zai ci? Ta dafa ta zubar, ta sāke dafawa ta zubar, jarin da Mma ta tatsa a wurin Yusif ya bi kwata. Keken Yusif ya yi tsatsa, Alhaji ya ce su nemi wani gida. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Yunwa ba ta iya rufin asiri. Wata rana da hantsi, matan gida na wanki a tsakar gida, faɗa ya kaure a falo tsakanin Mma da Nafi, kuma bangon gidan haya ba ya riƙe magana.

"Raguwa, ko shinkafa ba ki iya sayarwa ba!"

"Ni ce raguwa? Mma, ke kika ba ni kuɗin mota, ke kika ce in sayo in sa a ƙasan tukunya. Kin ce in an kore ta komai zai zama namu. Ina namun?"

Hannuwan masu wanki suka tsaya cak a cikin baho. Kafin kumfa ta kwanta maganar ta kai majalisar samari, ta haye Nima. Lariba na hanyar zuwa aiki wata maƙwabciyar Hajiya ta tare ta da murna.

"Allah ya wanke ki. Yarinyar ya faɗa da bakinshi. Samari sun tafi gidan, yau zai ga wuta."

Lariba ba ta tsaya jin sauran ba. Ta tattare zane ta bi lunguna da gudu, tana tsallake kwatoci. Ta tarar da tsakar gidan cike, ana dukan ƙofar falo da duwatsu, Yusif na tsaye a gefe leɓensa ya fashe, daga ciki kuma ana jin ihun Nafi da Mma. Ta kutsa ta tsaya a jikin ƙofar ta buɗe hannuwa.

"Anti Lariba, matsa," in ji babban cikinsu. "Ai don ke muke yi. Ya ɓata sunanki, ya ba mu haram."

"Na sani. An cuce ku, kuma daga ludayina kuka ci, ina roƙonku gafara har gobe. Amma in don ni ne, na yafe. Wanda zai taɓa ta sai ya fara da ni, kun ma saba."

Maganar ta sa wasu sunkuyar da kai, don cikinsu akwai wanda ya kifar da teburin. Alhaji Jibirilu ya iso yana haki, ya dube ta ya daɗe.

"Ashe abin da kika ƙi faɗa ke nan," ya ce. Ya juya ga samarin. "Ku zubar da duwatsun nan. Wanda aka ba shi a ɓoye bai sani ba, ba shi da laifi wurin Allah. Sauran magana ta manya ce, a gaban Sarki za a yi ta."

A gaban Sarki aka yi ta. Mma da Nafi suka durƙusa suka ba jama'a haƙuri, aka sa su a motar Bawku. Lariba ta yi musu guzurin hanya. Mma ta karɓa tana hawaye.

Bayan kwana biyu Yusif ya zo biko gidan Hajiya, da goro da dattawan coci. Aka yi gaishe-gaishe, aka ba da haƙuri, Hajiya ta ce a bar su su biyu a soro. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya durƙusa a gabanta.

"Lari, ki yafe mini."

"Tashi, Maigida. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar da ka ce in haɗa kayana, da gaske ka yarda ni na sa?"

Ta shirya jin i. Ta riga ta yafe masa wannan tun tuni, don ai kowa na iya ruɗuwa.

"A'a," ya ce. "Ko na minti ɗaya ban yarda ba. Tun da kika ce Nafi na san gaskiya ce. Bakin Mma na ji tsoro."

Wannan ta fi yawun da aka tofa mata zafi, ta fi ɗankwalin da aka karɓe. Duk watannin da take kankare tukwane tana cewa bai sani ba ne, ashe ya sani. Ta juya masa baya ta yi kuka har kafaɗunta na girgiza, shi kuma yana durƙushe.

Da ta natsu ta ce, "Da ka yi mini ƙarya da ya fi mini sauƙi. Amma gara da ka faɗa. Na roƙi Ubangiji kada ya bar ɗaci a cikina, ban san wannan ne babban da zai sa in haɗiye ba. Zan koma. Ba don abin bai yi zafi ba, kuma ba yau zai daina ba. Sai dai ka sani, mace ba ta jingina da bangon da ke gudu in an yi tsawa."

"Zan tsaya, Lari."

"Kada ka faɗa mini. Ka tsaya kawai, zan gani."

Ta ɗauki ƙullin kayanta za ta ɗora a ka, ya karɓa ya ɗora a nasa. Haka suka ratsa Nima da rana tsaka, tela da ƙunshin zannuwan mace a ka, mutane na leƙowa daga shaguna, wasu na dariya. Bai sauke ba, bai kuma canza hanya ba har Maamobi.

Masu karatu, haƙuri ba rashin jin zafi ba ne, bangaskiya kuma ba ta hana a kifar maka da tebur. Abin da take hanawa shi ne mugunta ta mayar da kai irinta. Lariba ta rasa sana'a da suna da ɗaki a wuni guda, amma ba ta bari an ƙwace mata Ubangijinta da kyakkyawar zuciyarta ba, kuma da su ta tsaya har gaskiya ta yi halinta. Ku kuma maza, ku ji tsoron ranar da matarku za ta tambaye ku abin da kuka sani lokacin da kuka yi shiru.